Yadda ake gyara gashin bakin da ya fito tsilli-tsilli ko gefe ɗaya ya fi ɗaya cika

Tambayar da samari suka fi yi mini a shagon aski a nan Jos ita ce wane mai za su shafa gashin bakinsu ya cika. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba: babu man da zai tsirar da gashi a inda babu saiwarsa. Sai dai yawancin masu wannan kukan suna da gashin da zai ishe su. Ba su taɓa barinsa ya yi tsawo ba ne, kuma duk zuwansu aski ana yanka musu sigar da gashin nasu ba zai iya ɗauka ba. Waɗannan biyun a hannunka suke, kuma da su za mu fara kafin mu zo maganar magani. Aikin zai ɗauke ka wajen wata 3 kafin ka iya yanke hukunci, don haka kada ka fara shi saura mako 2 ɗaurin aurenka ko Sallah.

Kayan da za ka tanada

- Madubi babba a wurin da hasken rana ke shiga. Ƙwan lantarkin da ke saman kai yana jefa inuwar hanci a kan leɓe, sai ka ga giɓi inda babu.
- Ƙaramin almakashi mai tsini da miƙaƙƙen baki. Ana samunsa wurin masu kayan kwalliya a zagayen Taminus ko a kemis. Almakashin tela ya yi girma, zai kare maka abin da kake yankewa. In babu, na yanke farce zai yi, muddin bakinsa ba lanƙwasasshe ba ne.
- Mataji mai ƙananan haƙora matsattsu. In ba ka samu ba, sayi sabon burushin goge baki mai laushi ka ware shi don wannan aikin.
- Kilifa taka ta kanka, tare da robobin nan masu lamba da ake maƙala mata a baki. Lamba 1 tana barin milimita 3, lamba 2 milimita 6. Mai caji ta fi, don kada wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki. Wanda ba shi da halin saye, almakashi da mataji sun ishe shi, sai dai za su fi cin lokaci.
- Sabuwar reza.
- Man kaɗe tsantsa, ko man kwakwa, ko na zaitun.
- Sabulu mara zafi, da sifirit da auduga na goge kayan aiki.
- Waya mai kyamara.
- Jagira da ɗan kakin zuma. Su ba dole ba ne.

Mataki na 1: Gano irin naka

Wanke fuska, ka bari ta bushe, ka fuskanci taga ka ɗauki hoto uku: gaba, dama da hagu. Baki a rufe, ban da murmushi, domin murmushi yana buɗe fatar leɓe ya rarraba gashin. Ajiye hotunan. Idon da ke kallon madubi kullum ba ya lura da canji, hoton wata guda baya ne zai nuna maka.

Yanzu duba da kyau. Idan wuraren da kake kira fili akwai wani siririn gashi mai laushi wanda bai yi baƙi sosai ba, to saiwar tana nan, ba ta gama balaga ba ne. Abin da ke juya wannan laushin ya koma baƙi mai kauri shi ne sinadarin maza, testosteron, da wani da jiki ke sarrafawa daga gare shi da ake kira DHT. Amma yawansu a jini ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Yadda saiwoyin gashinka ke amsa musu ya fi muhimmanci, shi kuwa gado ne. Shi ya sa za ka ga ƙaton magidanci mai 'ya'ya, lafiyarsa kalau, amma gashin bakinsa ana iya ƙirgawa. Dubi mahaifinka da baffanninka da kawunnanka, za ka hango inda naka ya dosa. Gashin baki yakan fara ne daga kusurwoyin leɓe ya taho tsakiya, kuma gashin fuska yana ci gaba da cika har bayan shekara 25, wasu har su shiga 30. In shekararka 18 ko 20, ba ka ga ƙarshen naka ba tukuna.

Giɓin tsakiya, a ɗan kwarin nan na ƙarƙashin hanci, maza da yawa suna da shi, ba aibu ba ne. Haka kuma gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya: babu fuskar da ɓangarorinta biyu suke daidai cif. Amma ka lura da hannunka. Akwai masu murza gashin gefe ɗaya ko tsige shi ko cizonsa ba su sani ba, musamman ɗalibai lokacin karatun jarrabawa da direbobi a cikin cunkoso. Tambayi wanda kuke zama tare, shi ya fi ka sanin wannan.

Tabon rauni, ƙuna ko tsaga ba ya fitar da gashi, sai dai a kwantar da na kusa ya rufe shi. Idan kuwa abin da ka gani fili ne sumul mai zagaye kamar kwabo wanda da can akwai gashi, ko wuri ne mai ƙaiƙayi da saɓa da ƙuraje, kada ka bi sauran matakan tukuna. Wuce mataki na 8.

Mataki na 2: Ajiye reza mako 6

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi faɗuwa.

Za a ce maka ka riƙa askewa kullum, wai zai fito da kauri. An gwada wannan magana tun 1928, lokacin da wata masaniyar halittar jiki a Amurka, Mildred Trotter, ta auna gashin fuskar maza da ake aske wa, ba ta ga askin ya ƙara masa kauri, launi ko saurin fitowa ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne reza tana yanke gashi a gindinsa mai kauri, sai ya fito da dakusasshen kai mai kaushi a hannu. Ga kuma wani abu: saurayi yana fara aski ne a daidai shekarun da gashinsa ke cika da kansa, sai reza ta karɓi godiyar da ba ita ta yi aikin ba.

Gashin fuska yana ƙara kusan santimita 1 a wata, kuma ba duka saiwoyin ke aiki a lokaci guda ba. Wasu suna fitarwa, wasu suna hutu. Mai askewa duk kwana uku masu saurin kaɗai yake gani. In ka bar shi, masu nawa za su iske su. Sannan tsawo kansa yana rufe fata, kamar jinkar ɗaki: ciyawa ɗaya ba ta tare komai, sai an jera ta ta hau kan 'yar'uwarta. Gashin da ke nuna fata a milimita 2 yakan rufe ta tsaf a milimita 10.

Mako na biyu da na uku su ne masu wuya. Zai yi ƙaiƙayi, zai miƙe barkatai, abokan majalisa za su sa ka a gaba. Dabarar ita ce ka gyara duk abin da ke kewaye da shi: askin kai, saje, wuya da kumatu su kasance tas. In kewayen yana tsaf, mai kallo zai ɗauka da gangan ka bar shi, ko a ofis ba wanda zai ce ka yi ƙazanta.

Abu ɗaya kawai aka yarda ka taɓa a wannan lokacin: gashin da ya sauko kan jan leɓe. Shi za ka riƙa ɗaukewa da almakashi. Ga Musulmi wannan ya warware wata damuwa, domin hadisin Anas da ke Sahihu Muslim ya sa iyakar kwana 40 ga rage gashin baki da yanke farce. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ta fi yaɗuwa a ƙasar nan, ya ɗauki ragewar a matsayin cire abin da ya rufe leɓe har gefensa ya bayyana, bai so a aske shi ƙwal ba. Wasu malaman sun fi son a rage sosai. In wannan fahimtar kake bi, akwai gajeriyar siga a mataki na 5 da za ta dace da kai.

Mataki na 3: Kulawar kullum

Jos tana kan tudu, sama da teku da wajen mita 1,200, kuma duk wanda ya yi hunturun Disamba da Janairu a nan ya san yadda fata ke komawa. Fatar ƙarƙashin gashin baki tana bushewa ta yi saɓa, gashin ya yi furu-furu yana karyewa, sai ya ƙara nuna ƙaranci. Ruwan zafin da muke sheƙawa da asuba saboda sanyi yana ƙara busar da ita. A fuska, ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa.

Wanke da sabulu mara zafi safe da dare. Bayan tuwo da miya, fura ko shayi mai madara, ɗauraye da ruwa, don abin da ya maƙale yana haɗa gashin ya zama dunƙule-dunƙule, fata ta leƙo a tsakani.

Lakato man kaɗe kamar rabin ƙwayar masara, ka murza a yatsu har ya narke, ka shafa ya taɓa fata, ba saman gashin kawai ba. Kada ka cika. Mai da yawa yana kawo ƙuraje, ƙurar hunturu kuma ta manne masa.

Sai taza, kuma wannan ce mutane suke rainawa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in an bar shi nannaɗewa yake yi a inda ya tsiro maimakon ya kwanta. Yayin da yake da ɗan damshi, taje shi ƙasa tukuna, sannan ka karkata shi wajen da giɓin yake. Mai giɓi a tsakiya ya kwanto gashin ɓangarorin biyu ƙasa da ɗan ciki. Mai ƙaranci a kusurwa ya taje daga tsakiya zuwa waje. Sau biyu a rana, minti ɗaya ya isa. Bayan 'yan makonni zai fara bin hanyar da kansa.

In yana gardama, haɗa abin riƙewa a gida: kakin zuma cokali 1, man kwakwa ko na kaɗe cokali 1, a ƙaramin gwangwani mai tsabta. Ɗora gwangwanin cikin ruwan zafi har su narke, ka juya, ka bari ya daskare. Masu sayar da zuma a saƙarta suna da kakin. Da sanyin Jos yakan yi tauri, sai ka kankaro kaɗan da farce ka ɗumama shi tsakanin yatsu.

Man zurma da man habbatus sauda da ake ta talla suna tausasa gashi, su sa shi sheƙi ya ƙara duhu, wannan kuwa yana taimaka wa ido. Iyakarsu ke nan a wannan aikin. Na habbatus sauda yana yi wa wasu fatar zafi, gwada a bayan kunne tukuna. Abin da nake hanawa kai tsaye shi ne goga tafarnuwa, lemon tsami, man goge baki ko man zafi. Tafarnuwa tana ƙona fata ƙuna ta gaske, fatarmu kuma in ta ƙone baƙin tabo take bari na watanni, a tsakiyar fuska. Mayukan ƙara haske su ma ka nisanta su da wurin, da yawansu suna sirantar da fata.

Mataki na 4: Yankan farko

Bayan mako 6, zaɓi safiyar da ba ka gaggawa. Goge almakashi da mataji da sifirit. Gashin ya kasance a bushe. Jiƙaƙƙen gashi yana miƙewa ya nuna tsawon da ba shi da shi, in ya bushe ya nannaɗe sai ka ga ka zaftare.

Fara da layin leɓe. Taje gashin ƙasa, ka rufe baki a sake ba tare da ka matse ba, ka kwantar da almakashi a gefen jan leɓe. Yanka daga tsakiya zuwa kusurwa, kaɗan-kaɗan, sannan ɗaya gefen. Kada ka hau sama da layin. Duk abin da ka ɗauke sama da nan, daga cikar gashin ka ɗauke.

Na biyu, daidaita ɓangarorin. Ƙa'idar ɗaya ce: mai yawa ake ragewa ya sauko wajen mai kaɗan, mai kaɗan ba a taɓa shi. Sa mataji a ƙarƙashin gashin gefen da ya fi cika, ka ɗan ɗago shi, ka yanke kawunan da suka leƙo ta haƙoran. Tudun kake ragewa, ba faɗin ba. Yanka biyu ko uku, ka ajiye almakashi, ka taje, ka ja da baya kamar taku biyu daga madubi. Daga nan mutane suke ganinka. Wanda ya manna hanci a madubi zai yi ta ganin bambanci, ya rage dama, ya rage hagu, ya dawo dama, har ya wayi gari babu komai. In daga taku biyu ba ka ga bambanci ba, an gama.

Na uku, kusurwoyi. Ma'auninka kwarin ƙarƙashin hanci ne da kusurwoyin baki, ba kunne ko kumatu ba. Miƙe mataji a tsaye a kan kusurwar baki ka ga inda gashin kowane gefe ya tsaya. Gefen da ya fi guntu shi ne ma'auni, a datse ɗayan ya yi daidai da shi.

Na huɗu, layin sama, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi sauya kama. A saman gashin baki, daf da hanci da wajen kumatu, yawanci akwai 'yan gashi jefi-jefi da suka ware daga taron. Su ne suke sa ido ya ga duka abin a matsayin mara cika. Ɗauke su da sabuwar reza bayan ka jiƙa wurin da kumfar sabulu, kana bin yadda gashin ya kwanta, ba kana tayar da shi ba, don gudun ƙurajen aski. Milimita 1 ko 2 kawai. Ƙaramin gashin baki mai tsayayyen gefe ya fi nuna cika a kan faffaɗa mai dishi-dishi. In hannunka yana rawa da reza, yi da kusurwar kilifa ba tare da roba ba. Zana layin da jagira tukuna in kana shakka, ka duba, sannan ka yanka.

Mataki na 5: Zaɓi sigar da gashinka zai ɗauka

Mai cika a ƙasa kusa da leɓe, sama kuma fayau: siririn layi ya fi masa. A sauko da layin sama, a bar faɗin da bai wuce rabin tazarar hanci da leɓe ba. Yana son gyara duk kwana biyu ko uku.

Mai giɓi a tsakiya da ya ƙi rufuwa: bar shi a rabe. Share tsakiyar sosai ta zama siririyar hanya, ɓangarorin biyu su yi daidai. Giɓin da aka gyara gefensa ado ne.

Wanda nasa ya watsu ko'ina ba wurin da ya taru: ya bi shi duka da lamba 1, har gemu da saje in yana da su. Tsawo ɗaya a ko'ina yana mayar da shi inuwa, bambancin wurare ya ɓace. Ga wanda gashinsa kaɗan ne ƙwarai, tsawo ma tona masa asiri yake yi, wannan sigar ce tasa.

Mai gemu da ƙasumba yana da sauƙi, domin ido gemun yake fara kallo. Amma kada ka tilasta haɗa gashin baki da gemu in mahaɗin da ke gefen baki bai fito ba. 'Yan silin nan uku da ake jawowa su zama gada sun fi rashinsu muni. Share su, kowanne ya tsaya da kansa.

In mai aski ne zai yi maka, yi magana kafin ya kunna kilifa, don hannunmu ya saba da siga ɗaya kuma cikin daƙiƙa biyu an wuce wurin. Ce masa, "Maigida, layin leɓe kaɗai za ka bi, saman da gefen ka bar mini su." Tafi da kilifarka, reza kuma a ɓare sabuwa a gabanka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, kuma ɗan yankan da ba ka gani ba ya ishe ta shiga.

Mataki na 6: Cike giɓi da launi, ga mai so

Don biki ko ɗaukar hoto, jagira tana aiki. Zaɓi wadda ba ta kai gashinka baƙi ba, ka fere ta da tsini, ka yi 'yan gajerun zane a giɓin kana bin kwanciyar gashi, sannan ka bi da burushi ya baje. Kada ka shafe wurin kamar fenti, daga nesa ake ganewa. Alwala da gumi suna wanke ta, haka baƙin feshin da ake yi a shagunan aski, don haka ba abin kullum ba ne.

Rini ya fi daɗewa, kuma amfaninsa na gaske shi ne yana baƙanta siraran gashin nan masu haske su shiga lissafi. Amma yawancin baƙin rini yana ɗauke da sinadarin PPD, har da wanda ake sayarwa da sunan baƙin lalle, kuma wasu yana kumbura musu leɓe da fuska. Ɗiga kaɗan a bayan kunne ka jira awa 48. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ka haƙura da shi gaba ɗaya. Malamai sun yi saɓani kan baƙin rini, mai wannan damuwar ya tambayi malaminsa. Lalle tsantsa kuwa fatar giɓin yake rinawa ja, ya ƙara nuna ta.

Kwalli kada ya je kusa da baki. Na gargajiya da yawansa akwai dalma a ciki, abin da ke kan gashin baki kuwa ƙarshensa ciki.

Mataki na 7: Abinci da magani

Gashi da furotin ake gina shi, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe ko zink yana raunana shi. Ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, nono, hanta, zogale da alayyafo sun wadatar. Wanda ke garin da kasuwar Farin Gada take ba shi da uzurin rashin ganye. Abinci zai kai ka iyakar abin da ka gada, ba zai wuce da kai ba. Ƙwayoyin bayotin, wani nau'in bitamin, da ake talla suna amfanar wanda ke da ƙarancinsa ne, hakan kuwa ba kasafai ba, sannan suna iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini. Allurar testosteron da ake rarrabawa a wasu wuraren ɗaga ƙarfe kuwa, ka guje ta: ga mai lafiya ba ta sauya gadonsa, amma tana dakatar da samar da maniyyi.

Maganin shafawa da ke da hujja a bayansa shi ne minoksidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shanta suna fitar da gashi, a 1988 aka amince da na shafawa a Amurka don sanƙo. Ba a yi masa rajista don fuska ba, amma a 2016 an wallafa wani gwaji daga Tailan a kan maza 48, inda masu shafa mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 sau biyu a rana na mako 16 suka fi waɗanda aka ba ruwan da babu magani yawan gashi a fuska. Siraran da suke nan yake turawa su yi ƙarfi. A kan tabo ba ya komai.

Kada ka fara sai ka gama wata 3 na matakan baya, kuma sai ka yi magana da likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ba na wanda bai kai 18 ba ne, ko mai ciwon zuciya, ko mai shan maganin hawan jini ba da sanin likitansa ba, ko mai rauni a wurin. Ana shafa 'yan ɗigo a busasshiyar fata mai tsabta, nesa da jan leɓe, a wanke hannu, a bar shi wajen awa 4 kafin ruwa ya taɓa. Ga mai alwala, lokutan da suka dace su ne bayan Asuba da bayan Isha'i. Bari ya bushe kafin ka kwanta, kada ka sumbaci jariri ko mai ciki da shi a fuska, kuma in akwai kyanwa a gidan ka ɓoye kwalbar, guba ne gare ta. Yana busar da fata, da hunturu abin ya fi tsanani, sai ka bi da man kaɗe bayan awannin sun cika. A makonnin farko wasu gashin kan zube kafin sabo ya fito. In ka ji bugun zuciya, jiri, ciwon ƙirji ko kumburin ƙafa, daina ka je asibiti. Ba a ganin sakamako kafin wata 3 zuwa 4, kuma in an daina, wani ɓangare na abin da aka samu yana iya komawa.

Abin nan mai ƙananan allurai da ake mirginawa a fata, ni ba na ba da shawararsa a gida. Da wuya a tsabtace shi yadda ya kamata, kuma wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, irin na ƙirji ko ƙeya ko kunne, yana iya jawo wa leɓensa abin da ya fi giɓi.

Mataki na 8: Lokacin da aikin ya fi ƙarfin mai aski

Filin nan sumul mai zagaye da ya bayyana cikin 'yan makonni yawanci alofeshiya ce: garkuwar jiki ce ta juya kan saiwoyin gashi. Ba a ɗaukarta wurin wani, ba kuma jifa ba ce. Sau da yawa gashin yana dawowa da kansa cikin shekara, wani lokaci ya fara fitowa fari, likitan fata kuma yana da allurar da yake yi a wurin. Mai ƙaiƙayi da saɓa da ƙuraje, gashi na karyewa ko tsigewa da sauƙi, yana iya zama dangin makero, ana ɗaukarsa daga dabbobi ko kayan aski. Shi ƙwayoyin sha yake buƙata na makonni. Mayukan nan na haɗin gambiza da ake saya a kemis suna kwantar da ƙaiƙayin, ciwon yana ci gaba a ƙasa, in ya daɗe ya bar tabon da gashi ba zai sake fita ba.

Haka saurayin da shekaru suka ja amma murya ba ta buɗe ba kuma babu gashin hammata da na mara, ko magidancin da nasa ya cika da can ya fara raguwa tare da kasala da raunin sha'awa. Su ma likita za su gani, gwajin jini da safe ake yi musu don a auna sinadarin maza. A Jos ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ka nemi a haɗa ka da likitan da ya dace. Dashen gashi daga ƙeya zuwa leɓe ana yinsa, amma yana da tsada, sai wajen shekara ake ganin ƙarshensa, kuma ba na ɗan shekara 20 ba ne da nasa bai gama fitowa ba.

Mataki na 9: Riƙe gyaran

Ware rana ɗaya a mako, mafi yawan mutanena safiyar Juma'a ko yammacin Asabar suke yi. Layin leɓe da almakashi, layin sama da reza, gefen da ya fi cika a ɗan taɓa shi duk mako biyu. Ƙarshen kowane wata ɗauki hotunan nan uku a gaban taga ɗaya, a lokaci ɗaya. A wata na 3 jera su. In giɓin yana rufuwa, ci gaba a haka. In bai motsa ba, sauko zuwa siririn layi ko lamba 1, ka sake gwada tsawon bayan shekara in ba ka kai 30 ba.

Ranar da hannu ya zame ka zaftare gefe ɗaya, kada ka bi ɗayan da reza don su yi daidai. In ɓarnar ƙarama ce, taje na kusa ya rufe, ka sa ɗan kaki, cikin kwana 10 za ta ɓace. In babba ce, sa lamba 1 ka bi shi duka, ka gyara layin sama, ka koma mataki na 2.